Asalin Zawiyya: Daga Rumfar Suffa Zuwa Zaurukan Gwarzo Da Kabo

  

Duk wanda ya san garuruwan yammacin Kano, irin su Gwarzo da Getso da Kutama da Lakwaya, ko Kabo da Garo da Godiya da Durun, ya san cewa da wuya a sami gari mai ɗan girma wanda babu wani ƙaramin masallaci ko zaure da ake kira zawiyya a cikinsa. Bayan sallar magariba akan ga an shimfiɗa farin ƙyalle an kewaye shi ana wazifa, ko kuma a wani daren a ji sautin bandiri daga wata unguwa. Saboda an taso an tarar da abin haka, mutane sun rabu gida biyu wajen yin kuskure a kansa. Wasu daga cikin masoya suna ɗauka cewa tun ranar da Musulunci ya shigo ƙasar Hausa haka ake taruwa. Wasu daga cikin masu suka kuma suna cewa ai ƙungiyar asiri ce irin ta Turawa aka sa wa rawani. Tarihi bai goyi bayan ko ɗaya daga cikinsu ba. Ɗariƙa tsohuwa ce ƙwarai a ƙasar Hausa, amma zawiyya a matsayin gidan 'yan'uwantaka wanda manomi da maɗinki da ɗan tireda suke shiga su zauna kafaɗa da kafaɗa, shekarunta a ƙasar Kano kimanin ɗari ne kawai. Wannan shi ne abin da nake son mu bi diddiginsa tare da mai karatu.

Kalmar zawiyya a Larabci ma'anarta kusurwa, wato lungun ɗaki ko na masallaci inda malami yake keɓewa da almajiransa. Mutanen Farisa suna kiran irin wannan gida hanƙa, Turkawa suna cewa takiyya, sannan akwai kalmar ribaɗi wadda asalinta ɗaure dawaki ne a bakin iyaka domin tsaron ƙasar Musulmi. Sunaye huɗu ke nan, amma idan aka duba aikinsu a farkon lamari sai a ga abu guda ne: wurin da mutanen da ba dangin juna ba suke zama tare, su ci tare, su yi ibada tare, su kuma sauki baƙo.

Malaman tasawwufi sukan mayar da asalin wannan zama zuwa ga abubuwa biyu da suka faru a Madina. Na farko shi ne ƙulla 'yan'uwantaka da Manzon Allah (SAW) ya yi tsakanin Muhajirai da Ansaru bayan hijira a shekarar 622, inda alal misali aka haɗa Abdurrahman ɗan Aufu da Sa'adu ɗan Rabi'u (RA), har Sa'adu ya yi tayin raba dukiyarsa biyu, shi kuwa Abdurrahman ya yi masa addu'a ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Na biyu shi ne Suffa, rumfar da ke jikin masallacin Annabi (SAW) inda matalautan sahabbai marasa gida da iyali suke kwana suna koyon karatu, cikinsu har da Abu Huraira (RA). A nan ya kamata a yi adalci. Suffa ba zawiyya ba ce a ma'anar da muka sani, domin babu wuridi na musamman, babu muƙaddami, babu silsila. Abin da na baya suka ɗauko daga gare ta shi ne misali na ciyar da wanda ya bar gida domin neman ilimi.

Gida na farko da masana tarihi suka fi ambata shi ne na tsibirin Abadan da ke kusa da Basra, wanda almajiran Abdulwahidi ɗan Zaidu suka zauna a cikinsa a ƙarni na 8 na miladiyya. Shi kuwa Abdulwahidi almajirin Hasanul Basri ne, wanda ya rasu a 728. Abadan bakin iyaka ce ta ruwa, saboda haka mazauna gidan masu gadi ne kuma masu zuhudu a lokaci guda. A Arewacin Afirka ma haka abin ya fara, domin ribaɗin Munastir da aka gina a 796 da na Susa na 821, duka a ƙasar Tunisiya ta yau, ganuwa ce da hasumiyar hangen jiragen abokan gaba, da ɗakunan kwana da masallaci a ciki. Da iyakoki suka lafa sai takobi ya koma kube, ɗakunan da masallacin suka saura.

Tsari kuwa daga Hurasan ya zo. Ana jingina wa Abu Sa'idu ɗan Abul Hairi, wanda ya rasu a 1049, dokoki goma na zaman hanƙa, waɗanda suka shafi tsarki da sallar jam'i da karatun Alƙur'ani da karɓar mabuƙata da rashin cin abinci a ware ba tare da 'yan'uwa ba. Imamu Gazali, da ya koma garinsu Ɗus a ƙarshen rayuwarsa kafin rasuwarsa a 1111, makaranta da hanƙa ya gina a kusa da gidansa. Shehu Abdulƙadir Jilani ya shigo Bagadaza a 1095, ya fara wa'azi a bainar jama'a a 1127, yana da makaranta da ribaɗi inda almajirai suke zaune har ya rasu a 1166. 'Ya'yansa da jikokinsa da almajiransu ne suka mayar da karantarwarsa ta zama ɗariƙa mai rassa a ƙasashe. Ba da jimawa ba sarakuna suka shigo ciki: a 1173 Salahuddin Ayyubi ya mayar da wani gida a Alƙahira mai suna Sa'idus Su'ada ya zama masaukin sufaye baƙi, ya yanka masa waƙafi, aka ba shugabansa laƙabin Shehun Shehunai. Tun daga nan zawiyya ta fara samun abin da zai riƙe ta, ta kuma fara samun abin da zai ɗaure ta, domin wanda yake ba da tuwo yakan so a ji maganarsa.

Akwai wani reshe na wannan tarihi da ba a cika ba da labarinsa a majalisunmu ba, alhali shi ya fi kama da abin da ya faru a Kano daga baya. Shi ne abin da ake kira futuwwa, daga kalmar fata, wato saurayi, jam'inta fityan. Ƙungiyoyi ne na samari da masu sana'a a biranen Iraƙi da Farisa da Sham, waɗanda suka ɗora kansu a kan karamci da jarunta da rufa wa ɗan'uwa asiri. Suna da bikin shigar da sabon mutum: a ɗaura masa ɗamara, a sa masa wando na musamman, a ba shi ruwan gishiri ya sha. Wasu lokuta sukan zama 'yan tauri masu tayar da hankalin gari, shi ya sa Halifa Nasiru na Abbasiyawa, wanda ya yi mulki daga 1180 zuwa 1225, ya shiga cikinsu da kansa, ya haɗe su a ƙarƙashinsa, ya riƙa aika wa sarakuna wandon futuwwa a matsayin alamar mubaya'a. Babban jakadansa a wannan aiki shi ne Shehu Umaru Suhrawardi, mai littafin Awariful Ma'arif, kuma ta hannun irinsu futuwwa da tasawwufi suka gauraya.

A ƙasar Turkiyya ta yau wannan gaurayen ya haifar da gidajen da ake kira na Ahi. Ibn Baɗuɗa, matafiyin nan na Maroko, ya ratsa ƙasar a farkon shekarun 1330, kuma ya ba da labarin cewa kusan kowane gari da ƙauye akwai su. Samari masu sana'a sukan zaɓi ɗaya daga cikinsu ya zama shugaba, su gina zawiyya, su zuba mata shimfiɗu da fitilu. Da rana kowa yana wurin sana'arsa, da la'asar sai ya kawo abin da ya samu a haɗa a sayi abinci. In akwai baƙo a gari shi ne nasu har ya tashi, in babu sai su ci abinsu su yi waƙe su watse. A garin Antaliya wani saurayi mai tsummokara a jiki ya zo ya gayyace shi cin abinci, har Ibn Baɗuɗa ya ji nauyin ɗora wa matalauci wahala, sai aka yi dariya aka gaya masa ai wannan baduku shi ne shugaban masu sana'a kusan 200. A garin Ladiƙ kuwa, wanda ake kira Denizli yanzu, ƙungiyoyi biyu ne suka kama linzamin dawakinsu suna jayayya har aka zare wuƙaƙe, matafiyan suka tsorata suna zaton 'yan fashi ne. Ashe faɗan a kan wa zai sauki baƙi ne, sai da aka jefa ƙuri'a. Duk Bahaushen da ya taɓa sauka a garin da bai san kowa ba, ya nemi gidan muƙaddami aka ba shi tabarma da ƙwaryar fura ba a tambaye shi ko sisi ba, zai gane wannan labari ba sai an yi masa sharhi ba.

Tunda masu suka sukan kawo zancen ƙungiyar Firimesin ta Turawa, bari mu taɓa ta a gurguje. Asalinta rumfunan da magina dutse suke kafawa a gefen manyan gine-gine a Birtaniya, inda suke ajiye kayan aiki su koyar da yaransu, suna da kalmomin sirri da suke gane ƙwararre da su. A Sikotlan an rubuta musu dokoki a 1598, daga baya waɗanda ba magina ba suka riƙa shiga har suka rinjaye su. Bisa tarihin da su da kansu suke bayarwa, a 1717 rassa huɗu suka haɗu a wata mashaya a Landan suka kafa uwar ƙungiya, aka buga kundin dokokinsu a 1723. Paparoma ya haramta wa mabiyansa shiga a 1738, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka kuma ta yi fatawar haramta ta ga Musulmi a 1978. To, mai karatu ya auna da kansa. Gidan Abadan ya girmi taron Landan da shekara kusan dubu. Kamar da ke tsakaninsu ita ce kamar da ke tsakanin duk wata ƙungiya ta 'yan Adam, wato shugaba da alƙawari da matakai. Amma wazifa a masallaci ake yin ta ƙofa a buɗe, a yau ma har da lasifika, kuma littattafan da ke ɗauke da wuridan ana sayar da su a kasuwar Kurmi. Wanda yake da ja a kan ɗariƙa yana da hujjojin da malamai suka tattauna a kansu, sai ya riƙe waɗannan ya bar wannan kwatancen.

Yanzu sai mu dawo gida. Ruwayar da ta shahara ita ce Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), shi ya kawo Ƙadiriyya, kuma zuriyarsa su ne Sharifai da ke cikin birni. Daga baya Kuntawa na yankin Tumbutu, musamman Sidi Muhtar wanda ya rasu a 1811, suka yaɗa ta a Afirka ta Yamma. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754 zuwa 1817) Baƙadire ne, har jama'arsa suka shahara da sunan Ƙadirawa, kuma zaman da ya yi a Ɗagel kafin hijirar 1804 zuwa Gudu ya yi kama da zaman ribaɗi na farko: karatu da wuridi da baƙi masu zuwa daga ko'ina. Bayan jihadi kalmar ribaɗi ta koma ma'anarta ta asali. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a Wurno a matsayin ribaɗi, Sarkin Kano Ibrahim Dabo (1819 zuwa 1846) ya yi nasa a Fanisau, garuruwan yamma kuwa, da yake su ne a bakin hanyar mahara daga Maraɗi, ganuwa suka dogara da ita.

Abin lura a nan shi ne, a duk tsawon ƙarni na 19 ɗariƙa a Kano aba ce ta malamai da sarakuna da manyan fatake. Mutum yakan karɓi wuridi daga malaminsa bayan ya yi nisa a karatu, ya riƙa ja shi kaɗai a ɗakinsa bayan asuba. Talakan ƙauye yana ganin kansa Baƙadire ne saboda yana ƙarƙashin tutar Shehu, ko da bai taɓa karɓar wuridi ba. Hasali ma ƙungiyar da ta fi kai wa mutanen karkara a wancan ƙarni ta mata ce, wato 'Yan Taru ta Nana Asma'u (1793 zuwa 1864), wadda take naɗa jajis ta ɗora musu malfa, su riƙa jagorantar mata daga ƙauyuka zuwa wurinta su koma da karatu.

Tijjaniyya ta zo da wani abu dabam. Shehu Ahmadu Tijjani, wanda aka haifa a Ainu Madi ta Aljeriya a 1737, ya koma Fas a 1798, a can aka gina zawiyyarsa, a can kuma ya rasu a 1815. A tsarinta akwai lazimi na safe da yamma wanda mutum yake yi shi kaɗai, sannan akwai wazifa ta kullum da zikirin yammacin Juma'a, waɗanda ake neman a yi su cikin jam'i matuƙar akwai 'yan'uwa a garin. Wannan sharaɗi shi ne tushen maganarmu. Da zarar an sami mutum biyar ko goma masu wuridi a gari, dole su nemi wuri da lokaci, dole a sami mai ja musu gaba, kuma mutanen da suke haɗuwa kullum ba za su rasa sanin wanda ba shi da lafiya da wanda aka yi wa haihuwa da wanda bashi ya kama ba. Alhaji Umarul Futi ya kawo ta ƙasar Hausa, ya zauna a Sakkwato shekaru da dama a cikin shekarun 1830, ya auri 'yar Muhammadu Bello, ya tashi bayan rasuwar Bello a 1837. Amma a daular da take ganin Ƙadiriyya ita ce tutarta, waɗanda suka karɓa ba su cika bayyanawa ba. Modibbo Raji na Gwandu ya daɗe yana ɓoye tasa kafin ya ƙaura zuwa Adamawa, a Zariya kuma ta sami gindin zama a wurin malamai irin su Malam Umaru Wali. Wanda yake ɓoye wuridinsa kuwa ba zai gina masa ɗaki ba.

Abubuwa suka juya bayan Turawa sun ci Kano a 1903. Sarki Abbas (1903 zuwa 1919) ya karɓi Tijjaniyya, kuma shi ne Sarkin Kano na farko da ya yi haka, saboda haka dalilin ɓoyewa ya kau. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, kuɗi suka shiga hannun 'yan kasuwa Hausawa waɗanda ba su da rabo a sarauta amma suna neman inda za a san darajarsu. Ana cikin haka a 1923, zamanin Sarki Usman, wani sharifi daga Maroko mai suna Muhammadu Alami ya sauka a Kano. Shi ya matsa a kan a riƙa yin wazifa cikin jam'i, ya sa aka gina zawiyya a unguwar Koki, ya kuma dage a kan a horar da muƙaddamai a tura su garuruwa. Babban wanda ya tsaya masa cikin malaman gari shi ne Malam Muhammadu Salga, wanda ya samo laƙabinsa daga Salaga ta ƙasar Gwanja, garin fataucin goro. Abin da zai ba matasan yau mamaki shi ne, wannan Batijjane shi ya jagoranci yaƙi da wasu al'adun mutuwa, irin su tarukan sadakar uku da bakwai da arba'in, har aka yi doguwar muƙabala tsakanin Salgawa da malaman Madabo. Ashe layin da muke ja yau tsakanin ɗan ɗariƙa da mai yaƙi da bidi'a bai kasance a miƙe haka ba a wancan lokaci.

Almajiran Salga su suka ɗauki nauyin abin da ya biyo baya: Malam Abubakar Mijinyawa, da Shehu Atiku Sanka, da Malam Tijjani Usman Zangon Barebari, da Malam Sani Kafinga, da Shehu Maihula, Allah Ya jiƙansu. A aikin hajjin 1937 Sarki Abdullahi Bayero (1926 zuwa 1953) tare da Wali Sulaimanu suka haɗu da Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ta Sanagal, wanda ya yi da'awar Faila tun 1929. Ya zo Kano a 1945, Salgawa suka sallama masa, zuwansa na 1951 kuwa ya tara jama'ar da ba a saba gani ba. Abin da Faila ta ƙara shi ne buɗe ƙofar tarbiyya ga kowa, har wanda karatunsa bai wuce Ahalari da Ishmawi ba, da mata, da samari. Malamai da yawa sun ga haɗari a cikin wannan, kuma har yanzu ana jayayya a kai, amma babu mai musun cewa shi ya fitar da ɗariƙa daga zauren malamai zuwa kasuwa da gona.

Ƙadiriyya ba ta zauna tana kallo ba. Tun kafin wannan lokaci Larabawan Kano 'yan asalin Gadamus da Tarabulus suna taruwa a masallacinsu na Alfindiki suna zikiri da bandiri, sai dai abin bai fita daga da'irarsu sosai ba. Shehu Nasiru Kabara, wanda kakanninsa suka fito daga Kabara ta kusa da Tumbutu, shi ya tattara rassan Ƙadiriyya da suke warwatse, ya sami izini daga Sammaniyya ta Sudan, ya je Bagadaza a 1953 ya ƙulla da zuriyar Shehu Abdulƙadir kai tsaye. A farkon shekarun 1950 aka fara Maukibi na watan Rabi'us Sani, kuma attajirai irin su Alhaji Sanusi Ɗantata suka tsaya masa da dukiyarsu. Ya rasu a 1996, ɗansa Shehu Ƙaribullahi ya gaje shi. Wato cikin shekara talatin kacal, daga 1923 zuwa 1953, ɗariƙun biyu duka sun tashi daga wuridin ɗaki zuwa taron jama'a.

To, ta yaya abin ya kai Gwarzo da Kabo? Ta hanyar da gyaɗa da auduga suka bi zuwa birni ya biyo ya dawo. Hanyar da ta fita daga Kabuga ta bi ta Janguza da Rimin Gado ta nufi Gwarzo har iyakar Katsina ta wajen Dayi ita ce jijiyar wannan yanki. Bayan an kawar da amfanin gona, samari sukan tafi ci-rani, wasu neman kuɗi, wasu karatu a zaurukan Sanka da Madabo da Kabara ko kuma Zariya. Wanda ya daɗe ya sami yardar malaminsa yakan dawo da takardar izinin muƙaddamanci, a rubuce da silsilar waɗanda ya karɓa daga hannunsu. Haka kuma dillalan gyaɗa da attajiran birni suke turawa su kafa sikeli a kasuwannin ƙauye, da yawansu 'yan'uwa ne a ɗariƙa, kuma attajiri ya fi sakin jiki ya ba da jarinsa ga wanda suke zama a da'ira ɗaya. Amana ta addini ta zama amana ta ciniki, kamar yadda ta kasance ga masu sana'ar da Ibn Baɗuɗa ya gani. Da Muhammadu Sanusi, wanda babban muridin Shehu Ibrahim ne, ya hau gadon Kano bayan rasuwar mahaifinsa a 1953, hakimai da dagatai da yawa suka ga babu laifi su bi sahu.

Zawiyyar ƙauye ba ta da ƙubba ko waƙafi irin na Alƙahira. Sau da yawa zauren muƙaddami ne, ko ɗan masallacin ƙofar gidansa na jar ƙasa, da buzu da tabarmi da tulun ruwa da fitilar ƙwai. Abin da ke riƙe ta shi ne damin hatsi da muridai suke kawowa da kaka a matsayin hadiyya, da gayyar da suke yi a gonar malam da damina. A madadin haka akwai karatun manya bayan asuba, da sulhu tsakanin ma'aurata, da masaukin baƙo, da mutanen da za su tsaya a kan gawarka. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. A garin da aka san kowa da asalinsa, wannan Bafillace, wannan Bamaguje ne kakansa, wannan maƙeri, wannan mahauci, wannan kakanninsa bayi ne, da'irar wazifa tana daga cikin wurare ƙalilan da ake zama ba bisa wannan lissafi ba. A ganina wannan ya jawo mutane fiye da duk wata karama da ake ba da labari.

Sai dai gidan da ya haɗa wasu yakan raba su da wasu. Tijjaniyya ta shardanta wa muridi kada ya haɗa ta da wata ɗariƙa, mabiya Faila kuma suka ɗauki ƙabalu a salla alhali sauran jama'a suna sadalu, sai aka wayi gari ana gane ɓangaren mutum daga yadda ya ɗora hannunsa. A lardin Sakkwato abin ya kai ga rushe masallatan Tijjanawa a yankin Gusau da Ƙauran Namoda a 1949, aka kuma yi tarzoma a 1956, siyasar NEPU da NPC ta shiga ciki ta ƙara dagula shi. Gadon muƙaddamanci daga uba zuwa ɗa, ko ɗan ya yi karatu ko bai yi ba, da mayar da hadiyya kamar haraji, su ma sun ba masu suka abin faɗa, kuma malaman ɗariƙa na kirki sun riga kowa kokawa a kansu.

A 1963 Shehu Mudi Salga ya kafa Fityanul Islam a Kano, sunan da ya fito daga tushe ɗaya da futuwwar Bagadaza. A 1972 Shehu Abubakar Gumi ya fitar da littafinsa Al-Aƙidatus Sahiha yana sukar ɗariƙu, a 1978 kuma Shehu Isma'ila Idris ya kafa Izala a Jos. Wannan ya sa Ƙadirawa da Tijjanawa, waɗanda suka shafe shekaru suna rubuta wa juna raddi a kan ƙabalu da sadalu da bandiri, suka matso kusa da juna. Ita kuma Izala, da ta iso garuruwa irin su Gwarzo da Kabo, masallacinta ta gina na kanta, ta buɗe makarantar Islamiyya ta yara da ta matan aure, ta naɗa shugaban reshe mai amsa umarni daga sama, ta ɗinka wa samarinta kakin 'yan agaji, ta kuma riƙa tara fatun layya domin gudanar da ayyukanta.